Kwas ɗin akanta mai araha ta intanet: wa ke karɓar kiredit ɗin, wa ke mayar da shi?

Duk mai bibiyar harkar karatu a Amurka ya sha cin karo da wannan tallar, wai ka biya kusan dala 100 a wata, ka yi kwas ɗin akanta kana zaune a ɗakinka, ka kwashi kiredit ɗinka ka kai jami'a a rage maka kuɗi da shekaru. Ana cikin haka kuma sai ga sauyin da jihohin Amurka suka fara yi a 2025 kan sharuɗɗan samun lasisin akanta na CPA, sai magana ta ƙara cakuɗewa, wasu na cewa yanzu kam ba a buƙatar ƙarin kwasa-kwasan, wasu na cewa yanzu ne ma suka fi amfani. Tallar dai ba ƙarya ba ce, amma rabin zance ce. Ragowar rabin shi ne wanda ya sayar maka da kwas ba shi ke yanke hukuncin ko kiredit ɗin zai yi aiki ba, makarantar da za ka kai wa ita ke da wuƙa da nama.

Mene ne ma kiredit ɗin?

Ba irin kiredit ɗin WAEC ba ne, wannan ma'auni ne na yawan karatun da mutum ya yi. A ƙa'idarsu kiredit ɗaya yana nufin kamar awa ɗaya a aji da awa biyu na nazari a gida duk mako, har tsawon mako 15 ko kusa da haka. Yawancin kwas kiredit 3 ne. Digirin farko kiredit 120 ne, wato kamar kwas 40 kenan, ƙaramin digiri na shekara biyu da ake yi a kwalejojin al'umma kuma kiredit 60.

To ita canjin makaranta da kiredit a hannu abu ne da aka saba da shi can, mutum ya fara a kwalejin garinsu, ya ƙarasa a jami'ar jiha, ko ya bar karatu shekara goma ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Sai dai babu wata doka ta ƙasa baki ɗaya da ta tilasta wa wata jami'a karɓar abin da aka yi a wani wuri. Kowace makaranta ofishin rijistararta da shugaban sashen su ke duba takarda su ce wannan mun karɓa, wannan a'a. Abin da suke fara dubawa shi ne tantancewa, wato ko makarantar da ta ba da kiredit ɗin tana ƙarƙashin wata hukumar tantance makarantu da aka yarda da ita, irin su Middle States, HLC, SACSCOC da sauransu. A da ana raba su gida biyu, masu tantancewar shiyya da masu ta ƙasa, kuma abin mamaki ta shiyyar ita ce mai daraja. Ma'aikatar ilimi ta Amurka ta soke wannan rabon a hukumance a 2020, amma har yau da yawan jami'o'i suna aiki da tsohon bambancin a dokokinsu na cikin gida.

Me ya sa kasuwar ta buɗe haka

Tsada ce, ba wani abu ba. Alƙaluman ƙungiyar shirya jarrabawa ta College Board na zangon 2024 zuwa 2025 sun nuna matsakaicin kuɗin karatu a jami'ar gwamnati ga ɗan jihar dala 11,610 ne a shekara, wanda ya fito daga wata jiha dala 30,780, jami'a mai zaman kanta kuma dala 43,350, banda ɗaki da abinci da littattafai. In ka raba wancan mafi arahar, dala 11,610, kan kwas goma da ake yi a shekara, kowane kwas ya haura dala 1,100. Ka ga in akwai inda za ka yi kwas iri ɗaya da dala 100 ko 200 dole mutane su ruga, ballantana a ƙasar da bashin karatun da gwamnatin tarayya ke bin ɗalibai ya wuce dala tiriliyan ɗaya da rabi. Ga kuma manya masu aiki da iyali da ba su da lokacin zama aji da rana.

Hanyoyin da ake bi, kuma ba ɗaya suke ba

Nan ne mutane suka fi ruɗewa don duk a waje kama ɗaya suke, kwas ne ta intanet, akwai bidiyo, akwai jarrabawa. Amma takardar da ke fitowa a ƙarshe ta bambanta.

Akwai kamfanoni irin su Sophia, StraighterLine da Study.com, da kuma Saylor Academy wadda ita ba ta riba ba ce, karatunta kyauta ne sai ɗan kuɗin gadin jarrabawa. Waɗannan ba su da tantancewa irin ta makaranta, kuma yawancinsu ba jami'o'i ba ne, ba sa ba da digiri. Abin da suke da shi shawara ce daga wata ƙungiya mai suna ACE, wato majalisar ilimi ta Amurka, ko kuma NCCRS da ke jihar New York. Su waɗannan sukan tura malaman jami'a su duba kwas ɗin su ce a ganinmu wannan ya kai kiredit 3 na matakin farko. Shawara ce fa, ba umarni ba. Jami'ar da ta ga dama ta bi, wadda ba ta ga dama ba ta ajiye ta gefe, kuma babu wanda zai tuhume ta. Yawancin kamfanonin biyan wata-wata ake yi musu, shi ya sa mai sauri yake cin riba, wanda ya gama kwas uku a wata ɗaya ya tsinci dami a kala, wanda kuma aiki ya sha masa kai ya yi wata biyar yana jan kwas ɗaya, to arahar ta fara guduwa.

Sai hanyar jarrabawa zalla, mafi shahara ita ce CLEP ta College Board. Ba ruwansu da inda ka koya, ka zo ka zauna ka rubuta, akwai ta Financial Accounting a ciki, minti 90 ce, makin da aka saba nema 50 ne duk da wasu makarantun na neman sama da haka. Kuɗinta bai wuce kusan dala 100 ba, akwai ma wata ƙungiya Modern States da ke koyar da darussan share fage kyauta ta kuma ba da takardar biyan kuɗin jarrabawar ga wanda ya kammala.

Hanya ta uku ita ce ka yi rijista a ainihin kwaleji ko jami'a mai tantancewa, ba don digiri ba, don kwas ɗaya ko biyu kawai. Wannan ta fi tsada kaɗan kuma tana da jadawali, amma kiredit ɗin yana fitowa ne a kan takardar sakamako ta makaranta, da maki A ko B a jiki, shi ya sa ya fi saurin shiga ko'ina. Kwalejojin al'umma na Kalifoniya dala 46 suke karɓa kan kowane kiredit daga mazaunin jihar, sai dai wanda ba mazauni ba farashinsa ya ninka wannan sau da yawa, don haka kar a ga lambar a ɗauka ta kowa ce. Jami'ar jihar Arizona kuma tana da wani tsari da mutum zai biya dala 25 ya shiga kwas, sai ya ga makinsa in ya yi masa sannan ya biya dala 400 a mayar da shi kiredit, in bai yi masa ba ya bar shi babu tabo a takardarsa.

Satifiket ɗin da ake samu a Coursera ko edX ko Udemy kuma yawancinsu ba kiredit ba ne kwata-kwata, sai 'yan kaɗan da aka bayyana ƙarara cewa suna da shawarar ACE ko wata jami'a na tsaye a bayansu.

Inda kuɗi ke salwanta

A 2017 ofishin binciken ayyukan gwamnatin Amurka, GAO, ya fitar da rahoto cewa ɗaliban da suka canza makaranta tsakanin 2004 da 2009 sun yi asarar kimanin kashi 43 cikin ɗari na kiredit ɗinsu. Wannan fa har da waɗanda suka fito daga cikakkun makarantu ne.

Asarar kuma ba kullum take zuwa da kalmar "mun ƙi" ba, wani lokacin da "mun karɓa" take zuwa. A ɗauka wata ɗaliba ta yi kwas ɗin akanta na farko a ɗaya daga kamfanonin nan, ta aika takarda, jami'a ta amsa cewa an karɓi kiredit 3, ta yi murna. Sai ranar zaɓen kwasa-kwasai ta ga har yanzu akanta na farkon yana cikin jerin abin da ake bin ta, ta je ofis a ce mata ai an karɓe shi ne a matsayin kwas na zaɓi, na cike gurbi, ba a matsayin wanda sashen kasuwanci ke buƙata ba. Kiredit ya shiga lissafi amma dole ta sake zama ajin ta sake biya. In guraben zaɓin nata sun riga sun cika ma, to shi kenan, ado ne kawai a takarda.

Akwai kuma lissafin zango. Wasu makarantu shekararsu samista biyu ce, wasu tsarin kwata suke bi, wato raba shekara gida huɗu, kuma kiredit ɗin kwata kashi biyu cikin uku ne na na samista. Kwas mai kiredit 5 na kwata ya zama 3.33, ya wadatar. Mai kiredit 4 kuma ya zama 2.67, bai kai 3 ba, wannan ɗan guntun kan iya sa a ce bai cika sharaɗi ba.

Sannan kusan kowace jami'a tana da adadin da dole a yi a wajenta kafin ta ba da digiri, galibi kiredit 30 cikin 120 ɗin, wasu fiye. Makarantun da suka yi suna wajen karɓar kiredit na waje da yawa su ne Thomas Edison State University a New Jersey, Excelsior a New York da Charter Oak a Connecticut, sai irin su WGU da Southern New Hampshire University da ke karɓar har kusan kashi uku cikin huɗu na digirin. Manyan jami'o'i masu gasar shiga kuwa da yawansu ba sa kallon shawarar ACE sam. Ƙarin abu biyu: kiredit ɗin kamfanonin nan yawanci yana shiga ne a matsayin "ya ci" kawai, ba ya ɗaga jimillar maki, kuma tallafin gwamnatin tarayya irin Pell ba ya biyan kuɗinsu tunda ba makarantu ba ne, saboda haka ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi da tallafi zai biya masa kwalejin garinsu gaba ɗaya yana iya tarar da cewa "mai arahar" ita ce ta fi ci masa aljihu.

Shi akanta ma nasa daban ne

Darussan akanta hawa-hawa ne. Na ƙasa guda biyu ne, Financial Accounting da ke koyar da yadda ake shigar da ciniki a littafi har a fitar da rahoton kuɗin kamfani, da Managerial Accounting da ke koyar da lissafin cikin gida irin na tsadar kaya da kasafi. Waɗannan biyun su ne suka fi samuwa da araha kuma su suka fi saurin karɓuwa. Daga nan sai na sama, masu lamba 300 da 400, wato Intermediate Accounting kashi na ɗaya da na biyu, haraji, odit, da sauransu. A nan ƙofa ke ƙunci. Sassan kasuwanci masu tantancewar AACSB, ƙungiyar da ke tantance makarantun kasuwanci, da wuya su karɓi na sama daga wajen da ba tsararsu ba, wasu ma ko daga kwalejin al'umma ba sa karɓa tunda ita a ƙa'ida matakin ƙasa take koyarwa.

Shi ya sa in aka duba da kyau, mafi yawan rangwamen da mai neman digirin akanta ke samu ba daga kwasa-kwasan akanta yake fitowa ba, daga na gama-gari ne, Turanci, lissafi, ƙididdiga, tattalin arziki, tarihi, waɗanda suke cinye kusan rabin digirin.

Maganar CPA da sauyin 2025

Lasisin CPA ba gwamnatin tarayya ke bayarwa ba, kowace jiha da yanki da hukumarta, guda 55 ne gaba ɗaya, kowacce da nata sharaɗin. Shekaru da dama ƙa'idar ita ce kiredit 150, wato digiri mai 120 da ƙarin 30, sai jarrabawa da shekara ɗaya ta aiki. Florida ce ta fara a 1983, ƙungiyar akantoci ta AICPA ta rungumi tsarin a 1988, sauran jihohi suka bi a hankali. To wannan ƙarin 30 ɗin shi ne ya daɗe yana ciyar da kasuwar kwas mai araha, don a jihohi da yawa ba a damu da wane fanni aka yi su ba, mutum ya gama digirinsa na akanta sai ya je ya tattaro kiredit 30 mafi sauƙi da zai samu. Amma ko a nan akwai tarko, hukumomi da dama ba sa karɓar takardar kamfani kai tsaye, sai kiredit ɗin ya bayyana a takardar sakamakon wata makaranta mai tantancewa.

Da aka fara kukan ƙarancin akantoci, masu shiga fannin na raguwa, tsofaffi na ritaya, sai aka fara nuna wa ƙarin kiredit 30 ɗin nan, da ke cin shekara ta biyar ta karatu, yatsa. A watan Janairun 2025 gwamnan Ohio Mike DeWine ya sa hannu kan dokar da ta buɗe wata hanya, digirin farko da shekara biyu ta aiki da cin jarrabawa, ta fara aiki daga farkon 2026. Virginia ta biyo baya, AICPA da NASBA, ƙungiyar hukumomin lasisin akanta na jihohi, suka shigar da hanyar cikin samfurin dokarsu a wannan shekarar, jihohi da yawa suka bi sahu. Ba a soke hanyar 150 ba, tana nan, ƙari aka yi. Abin da ya canza shi ne mai sayen kiredit don cike lamba kawai yanzu a jihohi da dama yana da zaɓin ya yi ƙarin shekarar aiki ana biyansa albashi. Wanda bai canza masa ba shi ne mai digiri a wani fanni, ko mai digiri daga ƙasar waje, da ke buƙatar takamaiman darussan akanta da na kasuwanci da hukumar jiharsa ta lissafa. Shi kam har yanzu sai ya nemo su, kuma yawancinsu na sama ne, waɗanda samunsu da araha ya fi wuya.

Masu yabo da masu suka

Masu goyon baya na cewa darasin zare kuɗi da shigar da kuɗi a littafi iri ɗaya ne ko'ina, littattafan ma kusan ɗaya ne, babu dalilin da zai sa a biya dala dubu kan abin da ake koyarwa a ɗakin taro mai ɗalibi ɗari uku inda malami bai ma san sunanka ba. Suna kuma zargin cewa wani ɓangare na ƙin karɓar kiredit kare kuɗin shiga ne kawai. Malaman sassan akanta kuma na cewa kwas ɗin da aka gama a kwana goma, wani ma ba mai gadin jarrabawa, ba lallai ya zauna a kai ba, kuma akanta gini ne, wanda bai iya gyaran ƙarshen wata da daidaita littafi da hannunsa ba zai sha wuya a Intermediate, kwas ɗin da ya yi suna wajen kayar da ɗalibai, daga nan kuma ga jarrabawar CPA na jira. Duka biyun suna da abin kamawa. Shawarar ACE tana tabbatar da abin da ke cikin manhaja ne, ba ta tabbatar da yadda kowane ɗalibi ya bi ta ba.

Wanda ke Najeriya ko Nijar fa?

Rijista a kamfanonin nan ba ta da wuya daga ko'ina, amma kiredit ɗin kuɗi ne da ake kashewa a kasuwa ɗaya, tsarin Amurka. Shigar kai tsaye ta JAMB an gina ta ne kan irin su ND, HND, NCE, IJMB da JUPEB, rangwamen jarrabawar ƙungiyoyin akantoci na Najeriya, ICAN da ANAN, ma kan digiri da difloma na makarantun da suka amince da su yake tafiya. Mai son zama akanta a gida hanyar ATSWA, jarrabawar ƙananan akantoci ta Afirka ta Yamma, ko digiri a jami'ar gida ta fi masa kusa. Kusan dala 100 na watan ma da ake kira araha, tun 2024 dala ta haura naira 1,000, ka ga ta wuce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Wasu jami'o'in intanet ɗin kuma, irin WGU, galibi mazauna Amurka suke ɗauka, sannan digirin waje sai ma'aikatar ilimi ta tarayya ta tantance shi, NYSC ma ba ta tura masu karatun nesa sansani.

Abin da ake koyarwar ma akwai bambanci. Amurka na bin nata ƙa'idojin da ake kira GAAP, Najeriya ta koma ƙa'idojin ƙasa da ƙasa na IFRS tun 2012, Nijar da Kamaru da Chadi kuma SYSCOHADA suke bi. Misali ɗan kasuwa ya sayi buhun shinkafa 10 kan dala 50 kowanne, ya ƙara sayen 10 kan dala 70, sai ya sayar da 10 kan dala 90. In aka lissafa cewa na farkon ne suka fita ribarsa dala 400 ce, in aka ce na ƙarshen ne suka fita dala 200 ce. Tsarin Amurka ya yarda da duka biyun, IFRS ya hana na biyun. Darasin haraji kuwa na Amurka ne zalla, ba abin da zai yi wa mai cike takardun haraji a Kano.

Waɗanda abin ya fi shafa kai tsaye su ne 'yan uwa mazauna can da masu shirin tafiya. Mai digiri ko HND daga gida sai ya fara kai takardunsa wajen masu auna takardun waje irin WES ko ECE, in CPA yake nema kuma ya duba wace hukumar awo jiharsa ta yarda da ita, don da yawa sashen NASBA suke so, daga sakamakon ne zai san darussan da suka rage masa. Ɗalibi mai bizar karatu ta F-1 kuma kwas ɗaya tak na intanet, kiredit 3, ake lissafa masa cikin cikakken nauyin zango, sannan jami'o'i da yawa suna so a nemi izininsu a rubuce kafin ɗalibinsu ya je ya yi kwas a waje. Abin da masu ba ɗalibai shawara ke nanatawa shi ne a fara daga ƙarshe, a zaɓi makarantar da za ta ba da digirin ko hukumar da za ta ba da lasisin, a duba jerin yarjejeniyarta da masu kwas ko a bincika a shafin Transferology da ke nuna kwasa-kwasan da makarantu ke karɓa, sannan a aika wa rijistara sunan kwas da lambarsa da manhajarsa a tambaya wane kwas nasu zai maye, kuma ko zai shiga cikin sharuɗɗan sashen ko gurbin zaɓi kawai. A karɓi amsar ta imel, a kuma duba ranar ƙarewar shawarar ACE ɗin, don tana da wa'adi, kwas ɗin da aka kammala bayan wa'adin ya wuce ba a sabunta ba ana iya ƙin lissafa shi.